Jerry Rice, ɗan birkilan da ya shekara 20 yana cafe ƙwallo

Duk wanda ya taɓa tsayawa a wajen gini ya san yadda ake miƙa wa magini kayan aiki idan katanga ta yi sama. Wani yana ƙasa yana wurgo tubali, wani yana sama yana cafewa, kuma idan ɗaya ya suɓuce kowa sai ya ji a jikinsa. Da irin wannan aiki Jerry Rice ya tashi a ƙauyen Crawford na jihar Misisipi, a kudancin Amurka. An haife shi ranar 13 ga Oktoba 1962, na shida cikin 'ya'ya takwas, mahaifinsa birkila ne. Idan aka yi hutun makaranta lokacin zafi, uban yakan kwashi 'ya'yansa maza zuwa wajen aiki, Jerry ya hau sama, 'yan uwansa su riƙa wurgo masa jan bulo yana cafewa yana jerawa.

Amurkawa suna son wannan labari ƙwarai, domin yaron nan shi ne ya zama gwanin gwanayen masu cafe ƙwallo a tarihin NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka. Sai su ce ai bulo ne ya koya masa. Ni dai ban gamsu ba. Mai cafe bulo sai ya ƙanƙame hannu ya taurara yatsu, shi kuwa mai cafe ƙwallon da aka harbo da ƙarfi hannu mai laushi yake bukata, wanda zai bi ta ya shanye ƙarfinta kamar mai tarar ƙwai. Abin da wajen gini ya koya masa shi ne tashi da asuba da jure rana. Wannan ma ba ƙaramin abu ba ne, amma bai isa ya bayyana yadda mutum ɗaya ya cafe ƙwallo sau 1,549, ya ci yadi 22,895, ya kuma bar na biyunsa, Larry Fitzgerald, a baya da yadi sama da 5,000.

Kafin a fahimci waɗannan alƙaluma sai an san wasan. Ƙwallon Amurka ɗan uwan zari-ruga ne, da hannu ake yinsa, mutum goma sha ɗaya a kowane ɓangare. Tsawon filin yadi 100 ne, irin yadin da ake auna shadda da shi. Ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo tana da dama huɗu ta matsa gaba da yadi goma. Idan ta samu a sake ba ta wasu huɗun, idan ta kasa ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Wanda ya kai ƙwallo ƙarshen fili ya ci tacdawun, wato maki shida. Hanyar matsawa biyu ce: ko a danƙa wa wani ƙaƙƙarfa ƙwallo ya kutsa da gudu, ko jagoran 'yan gaba, wanda ake kira kwatabak, ya jefa ta sama wani ya cafe.

Wannan mai cafewar shi ne mai sana'a irin ta Rice. Yakan tsaya can gefen fili shi kaɗai, nesa da turmutsutsun ƙattin da ke tsakiya, ga mai tsaronsa a gabansa ido cikin ido. Da an sako ƙwallo sai ya zura da gudu a kan layin da aka riga aka tsara masa: taku kaza gaba, sannan ya karya ciki ko waje, ko ya yi turus ya juyo. Idan ya cafe a bakin layi dole ƙafafunsa biyu su taɓa cikin fili kafin ya fita, in ba haka ba aikin banza ya yi. Idan kuwa ta tsakiya aka tura shi, to yana ɗaga hannuwa sama haƙarƙarinsa a buɗe yake, ga wani mai nauyin kilo ɗari yana tahowa a guje. Abin da ya fi wannan ciwo shi ne duk gwanintarsa ba ya iya jefa wa kansa ƙwallo. A wasa ɗaya zai iya yin wannan gudu sau arba'in, a jefo masa sau takwas ko goma, sauran duk ya yi ne don ya janye masu tsaro wani ya samu fili. Sana'a ce ta mai jiran rabo daga hannun wani, shi ya sa masu yinta suka yi suna wajen ƙorafi da zumɓura baki.

Rice bai fara wasan da wuri ba. Kamar yadda yake bayar da labarin, wata rana ya tsallake aji a sakandare, wani shugaban makarantar ya hango shi, shi kuma ya arce. Washegari ya sha hukunci, amma malamin ya je ya shaida wa kocin makaranta cewa akwai wani yaro mai ƙafa. Da ya gama, manyan jami'o'in da ake nuna wasanninsu a talabijin ba su damu da shi ba. Sai ya tafi Mississippi Valley State da ke ƙaramin garin Itta Bena, ɗaya daga cikin jami'o'in da aka kafa domin baƙar fata a zamanin wariya. A can ya faɗa hannun koci Archie Cooley, mutumin da kusan ba ya yarda a yi gudu da ƙwallo, jifa kawai, da kuma kwatabak Willie Totten. A kakar 1984 Rice ya cafe ƙwallo sama da 100, ya ci tacdawun 27. Yau filin wasan jami'ar sunan su biyun yake ɗauke da shi.

Duk da haka masu farautar 'yan wasa na NFL sun yi ta jan ƙafa. Hujjarsu ta farko ita ce da ƙananan makarantu ya kara. Ta biyu kuwa agogo. Akwai gwajin da suke yi na gudun yadi 40, masu ƙafa na gaske sukan yi shi cikin daƙiƙa 4.3 ko 4.4, alƙaluman da aka fi yaɗawa game da Rice kuwa sun kai 4.6 zuwa 4.7. A zaɓen sababbin 'yan wasa na 1985, inda ƙungiyoyi ke ɗauka bi da bi, an ɗauki masu cafewa biyu kafin shi, Al Toon da Eddie Brown. Wanda ya ga abin da wasu ba su gani ba shi ne Bill Walsh, kocin 49ers ta San Faransisko. A wani ɗakin otal a Houston, daren jajibirin wasa, ya kunna talabijin ya ci karo da guntayen wasan Rice. Ranar zaɓe ya yi musayar gurbi da New England Patriots ya hauro na 16, ya ɗauke shi ana saura ƙiris Dallas Cowboys, masu gurbi na 17, su kai hannu.

A nan ne nake ganin asirin yake, a haɗuwar wannan yaro da wannan koci. Walsh ya ƙirƙiro tsarin wasansa ne bisa larura, tun yana mataimakin koci a Cincinnati. Kwatabak ɗinsu mai ƙarfin hannu, Greg Cook, ya samu rauni a kafaɗa, aka bar shi da Virgil Carter, wanda yake da saiti amma ba ya iya jifa mai nisa. Sai Walsh ya ce to a daina neman nisa. A riƙa gajeren jifa, yadi biyar, yadi takwas, cikin sauri, a baza masu tsaro a faɗin fili, shi mai cafewa ya ƙarasa sauran tafiyar da ƙafarsa. Ga kuma dokar da NFL ta kawo a 1978, wadda ta hana mai tsaro bangazar mai cafewa da zarar ya wuce yadi biyar daga inda aka fara. Dokar ta zo wa wannan tsari kamar an auna.

Ginshiƙin tsarin shi ne lokaci. Kwatabak yana karɓar ƙwallo zai ja baya taku uku ko biyar, yana dire ƙafar ƙarshe ƙwallo ta bar hannunsa. Ba ya jira ya ga abokinsa ya kuɓuce. Wuri yake jefawa, wurin da babu kowa a lokacin, bisa amanar cewa kafin ƙwallo ta sauka mutumin ya iso. Sau da yawa ƙwallo tana sama mai cafewa bai ma juyo ba. Idan an ce ya karya a yadi goma sha biyu ya karya a goma sha ɗaya, ko ya yi lanƙwasa a maimakon kusurwa mai kaifi, to ƙwallo hannun abokin gaba za ta faɗa, kuma kwatabak jama'a za su zaga. A irin wannan aiki gudun da agogo ke aunawa a miƙaƙƙen layi, babu sulke babu mai tare hanya, ba shi ne abin dubawa ba. Abin dubawa shi ne wa zai iya karya kwana ba tare da ya rage gudu ba, wa zai sa takunsa biyar na farko su zama iri ɗaya ko ina ya nufa, ta yadda mai tsaro ba zai karanci komai a kafaɗarsa ko idonsa ba. Rice ya ƙware a wannan har ya zama kamar mai awo. Sai ka ga an jefo masa ƙwallon yadi shida yana ratsowa ciki, ya cafe ta bai ko sassauta ba, ya bi ta tsakanin mutum biyu, kafin su juya ya yi yadi sittin. Waɗanda agogo ya ce sun fi shi gudu ba kasafai ake ganin sun kamo shi daga baya ba.

Farkon abin dai bai yi daɗi ba. A kakarsa ta farko ƙwallaye sun yi ta zuba daga hannunsa, 'yan kallon San Faransisko suna yi masa ihu, jaridu suna tambayar ko Walsh ya yi asarar gurbi. Kansa ne ya cika da haddar tsari mai sarƙaƙiya, yana gudu yana lissafi. Sai a watan Disamba ya warware, ranar da ya cafe goma ya ci yadi 241 a kan Rams. Ko a kaka ta biyu, wadda ya fi kowa yadi a gasar da 1,570, ƙarshenta da kunya ta zo. A wasan sili-ɗaya-ƙwale da New York Giants a Janairun 1987, ya cafe ƙwallo ya kuɓuce, fili fetal a gabansa, babu wanda ya taɓa shi, kawai sai ƙwallo ta zame daga hannunsa. Giants suka ɗauka, suka kuma lallasa su 49 da 3.

Kakar da ta biyo baya 'yan wasa sun yi yajin aiki, wasa 12 kawai Rice ya buga, amma ya cafe tacdawun 22. Sai bayan shekara 20 Randy Moss ya karya wannan tarihi da 23, shi ma a wasa 16.

Wasan da ya fi nuna yadda sana'ar take shi ne na ƙarshen gasa, Super Bowl, a Miami cikin Janairun 1989. Cincinnati na gaba da 16 da 13, saura minti uku da 'yan kai, 49ers kuma suna yadi 92 daga inda za su ci. Kwatabak ɗinsu Joe Montana ya riƙa tura su gaba da gajeren jifa, uku daga ciki Rice ya cafe, har da wata ta yadi 27 da ta kai su bakin gida. Saura daƙiƙa 34, kowa a filin ya san wa za a nema. Rice ya motsa gefe, hankalin masu tsaro ya bi shi, sai Montana ya harba wa wani mai cafewar, John Taylor, wanda bai cafe ko ɗaya ba duk ranar. Aka tashi 20 da 16. Rice, da ciwon idon sawu, ya cafe 11 ya ci yadi 215, aka ba shi gwarzon wasa. Amma hoton da aka fi nunawa na Taylor ne, tallar kamfanin Disney da aka saba ba gwarzo kuma Montana aka ba. Rice bai ɓoye ɓacin ransa ba, ya fito ya ce 'yan jarida ba su ba shi haƙƙinsa ba. Wasu suka ce ya cika ƙorafi. Ni a ganina yana da gaskiyarsa.

Daga nan muhawarar da ba ta ƙarewa ta taso: shi ya yi su, ko su suka yi shi? Masu rage masa daraja suna cewa duk wanda ya samu Montana sannan ya samu Steve Young, dukansu kwatabak ne da ke cikin gwanayen tarihi, a tsarin Walsh, ai dole ya tara. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Da ƙungiyar da ta dogara da gudu da ƙwallo ce ta ɗauke shi, da wuya a ga waɗannan alƙaluma. Sai dai wasu ma sun buga da Montana da Young a tsari guda, babu wanda ya ko kusanto shi. Kuma sauyin kwatabak ɗin bai zo da sauƙi ba. Montana na-dama ne, Young bahago, ƙwallon bahago kuwa juyinta a iska daban yake, tana karkata ta wancan gefen. Rice ya samo wani bahago cikin ma'aikatan da ke kula da kayan ƙungiya ya riƙa jefa masa har idonsa ya saba. A ƙarshe tacdawun 55 ya cafe daga hannun Montana, 85 daga hannun Young. Tare da Montana Rice ya sake cin kofi a Janairun 1990, suka yi wa Denver 55 da 10, tare da Young kuma ya ci na uku a Janairun 1995 a kan San Diego. A kowanne daga cikin wasannin biyu tacdawun uku ya ci.

Abin da ya raba shi da sauran gwanaye, idan aka zauna aka yi lissafi, shekaru ne. Ƙungiyar 'yan wasan NFL ta daɗe tana cewa matsakaicin zaman ɗan wasa a gasar bai wuce shekara uku da 'yan watanni ba. Mai cafewa da ya kai 30 an fara yi masa kallon tsoho, domin ƙafa ita ce jarinsa. Rice ya cika 30 a kakar 1992, ya ƙare ta da jimillar yadi 10,273, wanda ya ishi wani ya yi ritaya da alfahari. Daga 1993 zuwa 2004 ya ƙara 12,622. Wato fiye da rabin abin da ya tara ya zo ne bayan shekarun da ake sallamar irinsa. Kakarsa mafi albarka ma, 1995, yana da shekara 33 ya yi ta: cafewa 122, yadi 1,848.

A nan ne maganar naci ta shigo da gaske. Abokin wasansa Roger Craig ne ya fara kai shi wani tudu a gandun Edgewood, kudu da San Faransisko, hawa mai tsawon kusan kilomita huɗu. Ranar farko tudun ya fi ƙarfinsa. Ya koma, ya mayar da shi wajen atisayensa na lokacin hutu shekara da shekaru, matasa da yawa da suka bi shi don su gwada sun dawo suna haki. A filin atisaye kuma yana da wata ɗabi'a da ta riƙa ba sababbin zuwa mamaki: kowace ƙwallo ya cafe sai ya ruga da ita har ƙarshen fili, alhali saura sukan yi taku kaɗan su dawo.

Jiki dai jiki ne. A wasan farko na kakar 1997, Warren Sapp na Tampa Bay ya finciko shi ta ƙarfen hular kwano, gwiwarsa ta murɗe, jijiyoyi biyu suka tsinke. Kafin ranar bai taɓa rasa wasa saboda rauni ba. Irin wannan ciwo yakan cinye kaka guda, shi kuwa ya dawo bayan wata uku da rabi, a tsakiyar Disamba, daren da ake karrama Montana. Ya cafe tacdawun a kan Denver, ya faɗi a kan gwiwar, ƙoƙon ya tsage. Masu son labarin jarumta suna yaba wannan dawowa. Ni kuwa ganganci nake gani, halin da ya ɗaga shi shi ne ya kusa ƙarasa shi. Ya yi sa'a, a 1998 ya sake haura yadi 1,000.

Ƙungiya ba ta da kara. Tun 1994 aka sa wa kowace ƙungiya iyakar kuɗin da za ta kashe a albashi, tsohon gwani mai tsada kuwa shi ake fara dubawa idan za a rage. Ga kuma sabon jini, Terrell Owens, ya taso. A watan Disamba 2000 aka shirya wasan bankwana da Rice a gida, da Chicago, aka sa wa ranar sunansa. A ranar ce Owens ya cafe ƙwallo 20, ya karya tarihin da ya shekara 50 a tsaye, mai bikin kuma ya tashi da bakwai. Aka sallame shi a 2001, ya tsallaka ruwa zuwa Oakland Raiders. A can, da wani kwatabak daban, Rich Gannon, ya ci yadi 1,139, sannan a 2002, yana da shekara 40, ya cafe 92 ya ci 1,211, ya sake zuwa Super Bowl, har ya ci tacdawun duk da Tampa Bay ta doke su. Wannan ita ce amsar da ta fi ƙarfi ga masu cewa albarkacin Montana ya ci.

Akwai tabo guda da bai kamata a tsallake ba. A 2015 ya faɗa da bakinsa cewa yakan fesa wani abu mai danƙo a safar hannunsa, abin da aka haramta tun 1981, shekara huɗu kafin ya shigo gasar. Da aka taso shi sai ya ce ai kowa na yi a lokacin, wasu tsofaffin abokan sana'arsa kuma suka ce su dai ba su yi ba. Danƙo ba ya sa mutum ya kuɓuce wa mai tsaro, amma doka ce ya taka.

Yau komai ya karkata ga masu cafewa. An tsaurara hukunci a kan dukan wanda ya ɗaga hannu bai kare kansa ba, ƙungiyoyi sun fi jifa, tun 2021 kuma wasannin kaka sun zama 17. Kuɗin ma ya canza, a 2024 Justin Jefferson ya sa hannu a kwantiragin dala miliyan 140 na shekara huɗu. Wasu tarihohin Rice sun faɗi: Calvin Johnson ya ci yadi 1,964 a 2012, Mike Evans kuma ya kamo shi a jera kaka 11 ana haura yadi 1,000. Jimillar ce ta gagara. Yadi 1,500 a kaka guda abu ne da gwani yakan yi sau biyu ko uku a rayuwarsa. Wanda ya yi hakan shekara 15 a jere, babu karaya babu rauni, zai tsaya a 22,500, bai kai ba. Tacdawun ɗin da Rice ya cafe 197 ne, Moss da ke biye yana da 156.

Barin filin ya yi masa wuya. A 2004 aka wayi gari ya buga wasa bai cafe ko ɗaya ba, karo na farko bayan wasa 274 a jere, ba a jima ba Raiders suka miƙa shi Seattle. A 2005, yana dab da cika 43, ya je sansanin Denver yana neman gurbi cikin yaran da wasunsu ba su fara makaranta ba lokacin da ya shiga gasar. Da ya ga a benci zai ƙare, sai ya haƙura kafin a fara kaka. A 2006 49ers suka kira shi ya sa hannu a kwantiragin kwana ɗaya don ya yi ritaya a matsayin nasu. Kuɗin da aka rubuta a takardar dala 1,985,806.49 ne: 1985 shekarar da suka ɗauke shi, 80 lambar rigarsa, 6 shekarar sallama, 49 sunan ƙungiya. Na ado ne kawai, ko sisi ba a biya ba.